Matan da Ake Kai wa Kuka

Kashi na biyar

Assalamu alaikum, ƴan uwa masu bin labarina. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allar da ta ce in bar jan rai in faɗa mata kawai ko na aure shi. Ki yi haƙuri ƴar uwa, ni ma da abin ya same ni ba a taƙaice mini shi ba.

Ga waɗanda suka tarar da mu a tsakiya: sunana Halimatou, ɗiyar Alhaji Yahaya. Asalinmu Damagaram, amma a Yamai aka haife ni, unguwar Dar es Salam. Abin da nake ba ku ya faru ne a shekarar da sojoji suka karɓi mulki, damina kuma ta ƙi. Lokacin ina karatun lissafi mai zurfi a jami'ar da ke ƙetaren gulbi, Harobanda, Inna kuwa ba ta da zance sai na Kapiten Shu'aibu, ɗan aminiyarta, wanda ya soma zuwa wurina.

Dole in ɗan gaya muku aikina, don ba za ku gane abin da ya biyo baya ba sai da shi.

Yunwa ta koro mutane daga arewa, suka yi zango a bakin gulbi wajen Tondibia. Bukkoki ne na buhu da kara, yawanci mata da ƙananan yara, don mazan sun wuce neman aiki ƙasashen teku. Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Madam Haoua, mai kula da masu ciwon damuwa da taɓin hankali. Ita ta fara lura cewa ba yunwa kaɗai ke cin matan nan ba. Wata ta bar magana. Wata ba ta barci. Wata yarinyar mata, Zeinabu, wadda ta binne ƴaƴa biyu a hanya, ta miƙe da rana tsaka ta shiga ruwa tana tafiya, sai masunta ne suka fizgo ta.

Madam Haoua ba ta da ma'aikata. Sai ta yi tunanin a zaɓi wasu daga cikin matan a koya musu yadda ake sauraren mai damuwa, da yadda ake gane wadda ta kusa halaka kanta. To amma su wa za a zaɓa? Nan ta zo wurin malamina, Farfesa Halidu, shi kuma ya miƙa mini.

Muka bi bukka bukka muna yi wa kowace mace tambaya ɗaya: "Idan ranki ya ɓaci, wa kike kai wa kuka?" Na zuba amsoshin a inji mai ƙwaƙwalwa. Kowace mace ɗigo, tsakaninta da wadda take kai wa kuka layi. Abin da ake nema shi ne mata mafi ƙaranci waɗanda in an koya musu, babu macen da za ta rasa mai saurarenta.

Ranar farko na ce wa Farfesa ai wannan mai sauƙi ne, inji ya gwada duka. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Da mata ashirin ne, sai in ce bismillah. Da mata dubu, ko tun zamanin Annabi Nuhu injin ya fara gwadawa, har yau bai yi nisa ba. Babu wanda ya san gajeriyar hanya a duniya, Halimatou. Amma ba duniya aka ba ki ba, zango ɗaya aka ba ki. Je ki dubi siffarsa."

Na duba har idona ya yi ja, na kuwa gano. Matan a dunƙule suke ƙauye ƙauye, layuka kaɗan ne ke haɗa wannan dunƙule da wancan. Da na raba aikin haka, inji ya fitar da amsa: mata goma sha ɗaya. Ɗigon da ya fi kowane girma, wanda layuka suka taru a kansa kamar saiwar bishiya, na Tabawa ne.

Tabawa doguwa ce baƙa, mutuniyar wajen Tawa, da zane guda ɗaya da ya koɗe har ba a gane launinsa. Ba ta da komi. Amma in ta dafa ganye ta kwaɗa, sai ta fara leƙa bukkar Zeinabu.

"Mi kuke yi da sunayenmu, ɗiyata?" ta tambaye ni ranar da muka fara haɗuwa.

"Ba suna za mu sa ba, Iya, lamba ce. Ba wanda zai sani."

"Rantse."

Na rantse mata. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce wa sauran matan su amsa mini.

A makon da nake ba ku labari, an aiko musu da umurni cewa za a kawo kaminyo, manyan motocin kaya, a mayar da kowa garinsu, wai zangon yana ɓata bakin birni. Tabawa ta ce, "Wane gari? Rijiyar da ta ƙafe za mu koma mu tsare?" Da motocin suka zo, matan suka zauna a ƙasa, ko ɗaya ba ta hau ba. Motocin suka koma wayam.

To, ranar Juma'a da la'asar ina ɗaki na baje takardu a gado, salulata ta yi ƙara, saƙon Shu'aibu ne.

"Gimbiyar lissafi, ina hanya. Kada ki sa in jira, zafi ya yi yawa."

Ban ko gama karantawa ba Inna ta turo ƙofa. Wallahi har yau ban san yadda take sanin zuwansa kafin ni ba.

"Tashi ki yi wanka. Ki sa shaddar nan ruwan zuma da Tanti, gwaggonki, ta kawo miki, ba wannan tsummar da kike yawon zango da ita ba. Duk kin yi baƙi, kina warin hayaƙi."

"Inna, aiki nake."

"Aiki! Shekara ashirin da shida, ƙannenki na goyo, ke kina goyon inji. Kin ga zamanin da muke ciki? Jiya aka zo aka tafi da maƙwabcinmu a tambaye shi, har yanzu matarsa tana bakin ƙofa. Babanki ya yi aikin gwamnati shekara talatin, kina tsammani ba wanda ke riƙe da shi a zuciya? Gidan da ke da soja ba a buga masa ƙofa da ƙafa."

Ku gane, masu karatu, ba wai ƙinsa nake ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan yanzu in na tuna. Duk samarin da suka taɓa zuwa wurina, da na fara zancen karatuna sai su soma duba agogo. Shu'aibu kuwa ya karanci ilimin inji a makarantar soja a waje. In na yi magana, yana ganewa. Har tambaya yake yi wadda sai na kwana ina tunaninta.

Na sa shaddar, ɗinkin doguwar riga mai aiki a wuya, na yafa farin mayafi, na ɗan goga turare. Na same shi a ƙaramin falon Baba cikin farar jallabiya, ba kaki ba, ya ɗora makullin mota da saluloli biyu a tebur. Inna ta riga ta jera masa lemun zoɓo mai ƙanƙara da soyayyen nama.

"An ce kin gama," ya ce yana murmushi. "Farfesanki yana ta yabonki a gari. Ba za a nuna mini ba?"

Na ɗauko injin da ɗokina. Na buɗe masa zanen, ɗigo ɗigo da layuka, na yi masa bayanin dunƙulen ƙauyuka. Ya matso, ƙamshin turarensa ya cika mini hanci. Ya ƙura wa zanen ido.

"Waɗannan jajayen su ne sha ɗayan?"

"Su ne."

"Wannan babban fa?" Ya sa yatsa. "Bari in gwada. Tabawarki ce, wadda ba kya gajiya da labarinta."

Na yi dariya. Dariya fa, jama'a. Na ce, "Ka cika wayo."

"To in aka cire ta, me zai faru da zanen?"

"Ya tsage biyu. Mutanen wajen Tawa da na Walam ba abin da ke haɗa su sai ita. Shi ya sa Madam ta ce ita za a fi kula da ita, don in ta faɗi da yawa za su bi ta."

"In aka cire duka sha ɗayan?"

"Ai babu zango ke nan. Kowa ta zama ita kaɗai."

Ya jingina da kujera, ya kurɓi zoɓo. "Allah Ya yi miki kai, Halimatou. Mutane suna ta neman abu da ƙarfi, ke kin samo shi da alƙalami."

Na ji daɗin maganar har cikin raina. Da zai tafi ya tsaya gaisawa da Baba a tsakar gida, na hango Baba, dattijo mai furfura, yana ɗan sunkuya wa yaron da ya isa ya haifa. Wani abu ya taɓa mini zuciya, amma na kore shi.

Ranar Litinin da safe muka ɗauki hanyar Tondibia ni da Madam Haoua a tsohuwar motarta. Gulbi ya janye, yashi ya fito tsakiyarsa fari fat, shanu ramammu suna tsaye a kai ba sa ko kaɗa jela. Tun daga nesa na ga ba daidai ba. Kullum in mun iso yara ke fara tarbarmu. Ranar ba kowa. Ba hayaƙi ko a murhu ɗaya.

Muka tarar da bukkar Tabawa a buɗe, tukunyarta a kife. Wata tsohuwa da ke kusa ta ce mana bayan sallar asuba wata mota marar lamba ta zo, mutum uku a ciki, ba kaki a jikinsu. Ba su yi kame-kame ba, ba su tambayi shugaba ba. Sunanta suka kira.

"Sun ce mi ta yi?" Madam ta tambaya.

"Ba su ce ba. Ta ce su bari ta ɗauki mayafi, suka ce ba nisa."

Na leƙa bukkar Zeinabu. Tana zaune ta fuskanci gulbi, hannuwanta a cinya. Wannan yarinyar da ta fara dariya a ƴan kwanakin nan, har ta yi mini kitso. Na kira sunanta, na taɓa kafaɗarta. Kamar na taɓa icce.

Da na fito, mata sun taru nesa kaɗan, amma ba wuri ɗaya ba. Mutanen Tawa gefe, na Walam gefe, kowa na kallon kowa. Har an fara cewa wai wata ce daga can ɓangaren ta kai sunan Tabawa don a ba ta buhun hatsi. Wata mai jariri a baya ta tako har gabana.

"Ke kin rantse mata," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. "A gabana kika rantse."

Na juya na nufi mota.

A mota Madam ba ta tayar da inji ba. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana kallon gaba.

"Halimatou, wa ya ga zanen nan?"

"Ni da ke da Farfesa."

"Sai wa?"

Farfesa Halidu yakan ce mana a ajin mantiƙi, in ka kawar da duk abin da ba zai yiwu ba, kada ka tsaya kana roƙon abin da ya rage ya canza fuska. Madam ba za ta yi ba. Farfesa bai san sunan kowace mace ba, lambobi kaɗai ya gani.

"Shu'aibu," na ce.

Ta rufe ido. Ta san ko wane ne, ta kuma san yana aiki a wani biro, wato ofishi, da ba shi da allo a ƙofa. Ni ma na sani, kawai ban taɓa tambayar me ake yi a ciki ba.

"Ya ga sauran?"

"Lambobi kawai. Sunanta ne kaɗai ya sani."

"Sunayen fa, suna ina?"

"Ba a rubuce suke ba. Tun da muka gama na ƙona takardun kamar yadda kika ce. Amma na san su duka."

"To ki je gida yanzu ki goge komi da ke cikin injin nan. Ni zan zauna da Zeinabu, ba zan bar ta ita da gulbi ba. Kada ki kira ni a salula."

Na tari taksi. A kan hanya muka tarar da shingen sojoji, suka sauke mu suna duba katin kowa, rana na dukanmu. Ina tsaye a layi saƙonsa ya shigo.

"Gimbiya, kin yi shiru yau. Kina ina?"

Ban amsa ba. Wani ya biyo.

"Rana ba ta da kyau a Tondibia. Ki koma gida, ana jiranki."

Na waiga hagu da dama. Sojan da ke riƙe da katina ya dubi sunan, ya dube ni, ya miƙo mini da hannu biyu, har da cewa a sauka lafiya Madam. Sauran fasinjojin suka bi ni da kallo. Har muka iso ba wanda ya sake magana a motar.

A ƙofar gidanmu na tarar da manyan motoci uku. Takalman maza sun cika bakin babban falo. Ƙamshin turaren wuta da na miyar kaji ya tarbe ni tun daga zaure, ga Tanti da maƙwabta a tsakar gida ana ta fere-fere da kwashe-kwashe. Ina shiga wata ta rangaɗa guɗa.

Inna ta fito cikin leshinta mai ruwan goro wanda ba ta sa shi sai da babban dalili, da awarwaron zinari har gwiwar hannu. Ta ja ni gefe.

"Ina kika shiga tun safe? Dubi ƙafarki! Baffanninsa ne suka zo neman aurenki, Babanki ya ba su. Bayan ƙaramar sallah za a ɗaura."

"Inna, ba wanda ya tambaye ni."

"Yau wata nawa yana zuwa kina fita da turare? Wace tambaya kuma? Wuce ki gyara, za ki gaida su."

Na wuce ɗakina da sauri, na tura ƙofa, na nufi teburin karatu. Takarduna suna nan. Tabarauna yana nan. Wayar cajin tana nan a jone da bango, bakinta a ƙasa.

Injin ba ya nan.

Na ɗaga katifa, na buɗe kabad, na zazzage jakata duk da na san ban fita da shi ba. Na fito tsakar gida ba mayafi.

"Inna, wa ya shiga ɗakina?"

"Au, injinki? Shu'aibu ya aiko direbansa da hantsi. Ya ce ya ga ya tsufa, zai sa a kwashe miki aikinki a zuba a sabo, cikin kayan lefe." Ta juya wurin Tanti tana dariya. "Kin ji irin mijin da ake nema. Tun ba a ɗaura ba ya san abin da take so."

Na koma ɗaki na murɗa makulli. Na kira lambar Shu'aibu. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Amarya."

"Ina Tabawa?"

"Ko gaisuwa babu?"

"Shu'aibu, don girman Allah, ina ka kai ta? Matar nan ba ta yi komi ba. Mutane take rarrashi."

"Na sani. Ni ma ba na son abin da ya faru." Muryarsa a kwance, irin wadda yake yi mini hira da ita. "Ki saurare ni, Halimatou. An ba da umurni a tashi zangon nan, kuma za a tashe shi. Akwai masu son a shiga da kulki da hayaƙi mai sa hawaye, cikin mata da jarirai. Ni na ce a'a, akwai hanyar da ba za a zubar da jinin kowa ba. A ɗauke mutum goma sha ɗaya na ɗan lokaci, sauran su hau mota da ƙafarsu. Ke kika nuna mini. Rai nawa kika ceta, kin sani?"

"Ba don haka na yi ba! Akwai wadda za ta faɗa ruwa in ba Tabawa!"

"Shi ya sa nake so a gama da wuri, kowa ya huta. Injinki yana gabana, yarana sun buɗe shi. Lambobi ne zalla. Kin iya aiki, ban taɓa shakka ba." Na ji ya ja kujera. "Amma ke kin san ko su wane ne goman."

"Ba zan faɗa ba."

"Kada ki yi saurin amsawa. Tabawa tana tari sosai, kin sani? Ɗakin da take ba taga, zafin nan kuma kin ga yadda yake. In na samu sunayen yau, gobe da safe ni da kaina zan sa a kai ta asibiti. In ban samu ba, aikin zai fita daga hannuna, ya koma hannun masu kulki. Su kuma za su fara da tambayar wa ya tattara bayanan mutane ba da izninsu ba. Madam Haoua. Farfesanki. Mai gidan da aka samu injin a cikinsa."

Daga falo na jiyo dariyar Baba, irin wadda ya daɗe bai yi ba, da muryar wani dattijo yana jan fatiha. Duka gidan ya amsa da amin.

"Kina ji na?" Shu'aibu ya ce.

Aka buga ƙofata.

"Halimatou!" Inna ce. "Buɗe mana, iyayenki na jira!"

"Je ki gaida su," ya ce a hankali. "Ki sa shaddar nan ta ranar Juma'a, ta yi miki kyau. Ina nan riƙe da alƙalami har magariba."

Ya kashe.

Na tsaya tsakiyar ɗaki da salula a hannu, Inna na ta bugun ƙofa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, masu karatu, ba maganarsa ba ce. Bakina ne. Ban san lokacin da ya fara ba, sai ji na yi leɓɓana suna motsi, suna jero sunayen matan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ko tuntuɓe.